Doguwar Sujada

Shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa a Katsina ya kasa zama wuri ɗaya. Ni ma haka. Ina koyarwa a firamare, amma ana tashi sai in hau babur in nufi GRA, unguwar manya, in tsaya ƙofar gidan wani sabon kwamishina ko zai tuna mun yi aji ɗaya. Bai tuna ba. A gida kuwa gwiwar Baba ce ta hana mu sakat.

Baba ne limamin masallacin unguwarmu a Ƙofar Kaura tun ban san kaina ba. A wurinmu wanda ba ya iya sujada ba ya jan masu iyawa salla, kuma shi da bakinsa ya karantar da mu haka. Don haka da gwiwarsa ta dama ta fara kumbura sai ya ɓoye. Ya yagi tsohon rawani ya ɗaure ta tam a cikin wando. Inna, mahaifiyata, ta duƙufa gasa masa ita da ruwan zafi safe da yamma, ta bi da man zafi. A gidanmu duk ciwon gaɓa gashi ne maganinsa, ni ne ma mai sayo man. Muna gasawa tana ƙara hawa, muna cewa ciwon ne ke fitowa.

Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya duba hoton da aka ɗauka, ya ce, "Allah gafarta Malam, guringuntsin gwiwoyin nan ya cinye, dama da hagu duka. Wacce ke damunka?"

"Ta dama."

"Ita ce mai kumburi." Ya juyo gare ni. "Taɓa ka ji."

Na ɗora bayan hannu. Ta hagu lafiya lau, ta dama kuwa kamar goshin mai zazzaɓi. Likitan ya ce akwai wata 'yar fata da ta lulluɓe gaɓar daga ciki. Idan ta harzuƙa sai ta tara ruwa ta yi zafi, lokacin ne raɗaɗin ke tsananta. A daina gashi muddin tana da zafi, a sa tsumma mai sanyi, a sha magani, a hutar da ita. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona.

Muna fita Baba ya ce, "In tahi hutu, in bar ma wa masallaci?"

Na ce ai akwai na'ibi, ɗalibinsa ne.

"Mutane in sun saba da wata murya, shi ke nan."

A bakin layinmu wani tela, abokin wasansa, ya gan shi yana ɗingishi ya ce, "Malam, soja ma sun sauka." Baba ya yi dariya. Ranar bai taɓa abincin rana ba.

Bai huta ba. Wata La'asar, a raka'a ta uku, muka yi sujada. Na gama tasbihi, na maimaita, na sake. Shiru. Wani ya yi gyaran murya a sahun baya. Goshina na ƙasa, na san abin da ke faruwa kuma ba halin in ɗago. Can na ji motsin riga: Baba ya miƙa hannu baya ya jawo na'ibi. Muryar na'ibin ce ta yi kabbara. Baba ya ƙarasa a zaune, ƙafa a miƙe, a gaban kowa.

Daga nan ya yarda da tsumman sanyi. Kumburin ya saɓe a hankali, raɗaɗin ya bi shi, har yana takawa kasuwa. Amma gwiwar ta ƙi kai shi ƙasa.

Ranar da ya koma masallaci, da Magariba, shi ya ɗauki kujerar roba da kansa. Na kai hannu, ya ture. Ya ajiye ta a ƙarshen sahun farko, na tsaya kusa da shi. Na'ibi na cikin karatu sai aya ta kwance masa, ya koma baya, ya sake tsayawa. Daga gefena Baba ya jefa masa ita, a hankali, na'ibi ya kama ya ci gaba. Aka yi ruku'u, aka ɗago. Da aka yi kabbarar sujada muka tafi ƙasa gaba ɗaya, muka bar Baba a sama shi kaɗai.