Tambarin Tokuji a Cikin Miya

Abu uku aka san Tokuji mai awara da su: tumbi, zufa da takalmin roba. A unguwarsu ta bayan kasuwar Kanazawa ba a taɓa ganinsa da wasu kaya ba sai na aiki, har lokacin da ɗansa Noboru ya tashi auren 'yar Horiuchi mai shinkafa, mutumin da ko gaisuwa ce sai ya sako kakanninsa.

Uban ango kuwa dole ya sa baƙar riga mai tambarin gidansu guda biyar: ɗaya a baya, biyu a hannuwa, biyu a ƙirji. Tokuji ba shi da rigar, tambarin ma bai san shi ba.

"Hala namu waken suya ne?" ya tambayi matarsa Fumie.

"Buhun waken dai! Je ka yi haya, Baban Noboru. Kada ka kunyata yaron nan gaban surukansa."

A shagon haya na bakin gada suka liƙa masa tambarin fararen ganye biyar a jikin rigar, irin wanda suke liƙa wa kowa, suka ce ya guji zufa. Shi da zufa kuwa tare aka haife su.

Ranar biki ya wuni yana laluben kansa. Huɗu yana taɓawa, na biyar sai ya juya wa Fumie baya.

"Yana nan?"

"Yana nan. Daina juyi, kamar ana gasa ka."

Da aka zauna cin abinci, ya je zuba wa surukinsa giyar shinkafa. Ya rusuna sosai. Tambarin ƙirjin hagu ya ɓanɓaro, tsulum cikin miyar Horiuchi.

Horiuchi ya dubi ganyen yana iyo, ya yi wuf ya dafe ƙirjinsa. Tokuji ma ya dafe nasa.

"Suruki," in ji Horiuchi ƙasa-ƙasa, "naka ne ko nawa?"

Tokuji ya zaro ido. "Shagon bakin gada?"

"Shi. Tun safe nake fifita."

Horiuchi ya tsamo tambarin da tsinken cin abinci, ya goge, ya murje ƙwayar dafaffiyar shinkafa a bayansa, ya danna a ƙirjin Tokuji.

A hoton bikin kowa biyar ɗinsa cif. Sai dai ɗaya daga cikin na Tokuji a juye yake, kansa a ƙasa, kuma Noboru har yau yana cewa haka na gidansu yake tun kaka da kakanni.