Gemun Wata Guda

Ni dai gashin fuskata ba ya son fitowa waje. Na kowa idan an aske sai ya tsiro ya miƙe abinsa, nawa kuwa da ya leƙo sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata, wurin ya kumbura ya ɗuri ruwa. Masu aski suna ce musu kurajen aski. Ni 'yan haya nake ce musu, don sun tare a haɓata da wuyana shekara da shekaru, an yi an yi sun ƙi tashi.

Kafin in fara aikin gadi ban san ina da wannan lalura ba. Lokacin da nake karatu ɗan gemu nake bari, in ya yi yawa a daidaita mini da kilifa, shi ke nan. Na gama difloma na dawo gidanmu a Kolere ina jiran aiki, na jira har jiran ya gaji da ni. Daga baya wani kamfanin tsaro ya ɗauke ni, ya ba ni kaki da hula, ya tsayar da ni a ƙofar wani banki a cikin garin Mubi. A lokacin Baba ya daina zuwa kasuwar shanu saboda ciwon ƙafa, Dada, wato mahaifiyata, yanar ido ta rufe mata gani, matata kuma tana goyo. Tukunyar gidan gaba ɗaya ta koma kan kakin nan.

Dokar kamfanin ita ce mai gadi ya zo da fuska fes, ko sili ɗaya ba a so. Kullum da safe mukan jeru a bayan banki, kusa da janareta, Oga ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Oga shi ne mai duba mu, wani gajeren dattijo mai rufe maɓallin riga har wuya, kuma ba ya yarda da idonsa. Katin shaidarsa yake cirowa, ya ɗora gefensa a maƙogwaronka, ya ja sama zuwa haɓa, ya karkata kai yana saurare. Idan katin ya wuce shiru ka tsira. Idan ya yi ƙaras, sai ya nuna maka ƙofa da katin, ranar ba ka zo aiki ba ke nan. Wanda aka kora gida ya yi yawa kuwa, kakin zai ajiye, ga matasa can cike da gari suna jiran girman rigarsa.

To, tunda katin sama yake tafiya, dole reza ma ta bi sama. Duk wanda ya taɓa riƙe reza ya san ana bin kwanciyar gashi ne, daga kunci a gangaro, a hankali, sau ɗaya. Mu kuwa sai mun gangaro sannan mu juya mu haura, mu ja fata da yatsu biyu mu kankare har sai gashin ya yanke a ƙasan fata. Abokan aikina suna yin haka su shafa ɗan mai su wuce. Ni idan na yi, kamar na shuka kurajen gobe ne da hannuna.

Bayan sallar asuba nake yi. Akwai gutsuren madubi da na maƙala a jikin katanga kusa da makewayi. Matata takan rage mini ruwan zafi kafin ta dama kunu, in tsoma ƙaramin tawul in manna a fuska har fatar ta yi laushi, in murza sabulu, in karya sabuwar reza biyu. Daga nan sai in fara bin tsakanin kurajen, ina kauce wa wannan ina faɗa wa wancan. Kumfar takan fara fari ta ƙare ja. In wanke, in goga alimun, raɗaɗin ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, in tsaya riƙe da katanga sai ya lafa. Na tsani safiya a shekarun nan, wallahi na tsane ta.

Ba abin da ban gwada ba. Akwai wata hoda da ake kwaɓawa da ruwa a shafa, ta cinye gashin, a kankare da bayan cokali. Warinta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, matata ta hana ni cokulanta, ga shi ta ƙone mini gefen leɓe. Na shafa man kaɗanya, na shafa toka, na goge da buroshin haƙori don gashin ya miƙe. Sannan maƙwabcinmu mai tuƙa keke napep ya ga fuskata wata rana ya dafe kai.

"Kai maƙwabci, wannan abu ƙaramin ne fa. Man birki kawai. Ka shafa shi, gobe ya bushe kaf. Mu a gareji shi ne maganin mu."

Ya tsiyayo mini a murfin kwalba, ni kuma da diflomata na karɓa har da godiya. Kurajen sun bushe kam, gaskiyarsa. Sai dai fatar ma ta bushe tare da su, ta saɓule, ta bar mini baƙaƙen tabo tun daga ƙasan kunne har maƙoshi. Tun daga ranar abokan aikina suka sa mini suna Gasasshiyar Masara. Nakan taya su dariya don kada su ga abin ya dame ni, amma ya dame ni. Mutum ya tsaya wuni guda a ƙofa, duk wanda zai shiga sai ya kalli haɓarsa kafin ya kalli idonsa. Akwai matar da na miƙa wa jakarta bayan na duba, ta karɓa da bakin yatsu ta goge a zaninta.

Ranar Lahadi da la'asar matata takan shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, in ɗora kai a cinyarta, ta ƙona bakin allura da ashana ta dinga tono gashin da suka nutse. Wani idan ta jawo shi sai ya warware ya yi tsawo har ka yi mamakin inda ya ɓuya. Takan nuna mini a kan farcenta ta ce, "Ga wani ɗan hayar na fitar maka." Washegari in sake mayar da su da reza.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke zama a kemis ɗin unguwarmu ta duba ni da tocilan ta ce maganina ɗaya ne, in bar aski na ɗan lokaci. In kuma dole ne, in yi da kilifa, kada in kai ƙasa. Na ce mata na ji. Na gwada kilifar kuwa, mai askin bakin tasha ya rage mini har ido ba ya ganin komai. Da safe Oga ya ja katinsa. Ƙaras.

Ban tafi ba ranar. Na jira aka watse na bi shi, na ce, "Oga, don Allah ka dubi fuskar nan. Ba ganganci nake yi ba."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ɓalle maɓallin wuyansa, ya ɗaga haɓa. Ƙasan wuyan nasa duk tudu ne da kwari, baƙi ƙirin, tsofaffin kuraje sun haɗe sun yi tauri.

"Ka gani? Ni ma shi ne. Doka daga sama ya zo, ɗana. In na bar ka, ni za a cire. Je ka gida, gobe ka zo kilin."

Ya mayar da maɓallinsa. Na so in ji haushinsa don in sami inda zan ajiye fushina, na rasa. Abin da na gani kawai shi ne wuyana nan da wasu shekaru.

Tunda idon Dada ya rufe, da hannu take gane 'ya'yanta. In ka durƙusa gaishe ta sai ta lalubo fuskarka ta shafa, sannan ta amsa. Wata safiya ta shafa tawa bayan na gama aski, na zabura, yatsunta suka jiƙe. Ta ce, "Subhanallahi, fuskarka ya zama hanyar Kolere da damina." Muka yi dariya. Amma daga ranar ta daina taɓa mini fuska, sai dai ta kama hannuna. Tausayi ne ya sa ta, na sani, duk da haka na ji kamar an cire ni daga layin 'ya'yanta.

Baba yana jin mu daga kan buzunsa. Shi gemu gare shi, fari, madaidaici, yana taje shi da wani ɗan matajin katako yana shafa masa man shanu. Tun ina yaro na ɗauka don addini kawai ya bar shi. Ranar ya ce mini, "Har da addini. Amma mu gidan nan ba mu da fatan reza. Ni ma na gwada ina saurayi, na sha wuya. Kakanka ma haka." Bai ce in bar aikin ba. Ya san da me ake sayen maganin ƙafarsa.

Da damina ya rasu. Aka ba ni kwanakin makoki, na roƙa aka haɗa mini da hutuna na shekara, ya zama wata guda. A zaman makoki ba wanda ke neman reza. Kwanakin farko ƙaiƙayi ya kusa haukata ni, ina karɓar gaisuwa ina danne hannuna a ƙarƙashin cinya. Bayan sadakar bakwai sai na lura ba na jin zafi idan na yi alwala. Kurajen suka yi ta lafawa, gashin da ya sami tsawo ya daina komawa ciki, ya rufe tabon man birkin. Rannan na wuce ta gaban gutsuren madubin nan, na ja da baya na sake dubawa. Baba ne, Baba na lokacin da yake ɗora ni a kafaɗa mu shiga kasuwar shanu.

Dada tana takaba a ɗakinta. Na shiga gaishe ta, ta kama hannuna yadda ta saba, ni kuma na ɗaga hannun nata na ɗora a kumatuna. Yatsunta suka bi saje suka gangaro haɓa, suka koma, suka sake gangarowa. Ba ta yi kuka ba. Ta laluba ƙarƙashin matashinta ta ciro matajin Baba, ta ce in matso. Tun daga ranar, kullum da safe sai ta taje mini gemu kafin ta sha kunu, tana ba ni labarin yadda Baba yake sa'ad da ya fara zuwa zance garinsu a kan hanyar Uba, da yadda ya tsallake mayo, wato rafi, da kekensa a kai. Na ji labaran da ban taɓa ji ba a watan nan, kuma ita ma ta fara cin abinci.

Na yi niyyar ba zan koma ba. Na je wurin abokan Baba a kasuwar shanu, suka yi mini addu'a suka ce kasuwa ta mutu, su ma zaman inuwa suke yi. Na tambayi maƙwabcina ko akwai keken da ba direba, ya ce masu jiran keke sun fi kekunan yawa. Na leƙa wata makarantar kuɗi, suka ce in dawo baɗi. Ina dawowa gida ina ganin buhun masara yana ta durƙushewa a kusurwar ɗaki. Ana gobe hutun zai ƙare matata ta wanke kakin, ta goge, ta rataye a ƙusa inda zan gani.

Da asuba ta rage mini ruwan zafi. Na fara rage gemun da almakashi, gashin yana zuba a kan ƙafata. Na manna tawul, na murza sabulu, na karya reza. Fatar da ta fito ƙarƙashi lafiya lau take, sumul, rabon da in gan ta haka tun ina ɗalibi. Na gangaro da rezar bisa kwanciyar gashi, ko ɗigon jini babu. Na shafa da bayan hannu zuwa sama, na ji ɗan kaushi. Na tsaya ina kallon madubin. Sannan na ja fatar da yatsu biyu, na juya rezar na haura.

Na sa kaki na shiga ɗakin Dada na durƙusa. Matajin yana hannunta, ta riga ta ciro shi. Ta miƙo ɗaya hannun ta lalubo fuskata, yatsunta suka sauka a kan haɓa, suka tsaya. Ta shafa hagu, ta shafa dama. Ta janye hannun a hankali ta ɗora a cinya.

"To," ta ce. "Yau kam babanku ya tafi."

Ta mayar da matajin ƙarƙashin matashi, ta ce Allah ya tsare hanya.

A bayan banki muka jeru kusa da janareta. Oga ya yi mini gaisuwar rashi, sannan ya ciro katinsa ya ɗora a maƙogwarona, ya karkata kai, ya ja sama. Katin ya wuce shiru.

"Yawwa," ya ce. Ya matsa ga na kusa da ni.