Dardumar da Goggo Subhija ta hana a raba

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Goggo Subhija Mulalić a gidanta da ke gangaren kogin Drina, tana da shekara saba'in da tara. Washegari bayan azahar muka yi mata salla muka kai ta makwancinta. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma.

Goggo, ke aminiyar mahaifiyata ce, ke kaɗai ce kuma a garin nan ba ki taɓa ganin girman karatuna ba. Shekara ashirin ina koyar da adabi a sakandare, amma da na shigo sai ki ce, "Farfesa, miƙo hannuwan nan tunda ba su da aikin yi," ki rataya mini ulu kina naɗewa. Gahawa nawa ta huce a gabana ina zaune kamar turke, Allah kaɗai ya sani.

Lokacin yaƙi kin yi gudun hijira zuwa Torino, kina jinyar tsofaffin mutane. A can kika ga wata mata a lambun shaƙatawa ta ɗaure zare a jikin bishiya, ɗaya gefen a ƙugunta, tana saƙa. Eulalia Huamán ce, mutuniyar duwatsun Peru, ita ma aikin jinyar ne ya kawo ta. Italiyancinku duka biyun bai isa sayen burodi ba tare da nuni ba, amma kin ce da kika duba saƙarta sai kika tsawata mata cewa ta ja zaren da yawa, ita kuma ta fahimta har ta ji haushi. Haka abotarku ta fara.

Bayan kowacce ta koma gida, kusan shekara talatin kuna aiki ɗaya. Ke ki saƙa rabi da zanen dardumar garinmu, ki aika. Ita ta saƙa nata rabin da zanen ƙauyensu, ta ɗinke, ta dawo da shi. An rataye aikinku a biranen da ni sai a littafi na san su. A nan gida kuwa ƙungiyar raya al'adun gargajiya ba ta taɓa ba ki ko ƙusa ɗaya a zaurenta ba. Shugabanta, Malam Ekrem, wanda bai taɓa zura zare a allura ba, ya ce kin gurɓata gadon kakanni. Na taɓa yi masa bayanin cewa zanen kakannin nan ma ta hanyar fatake ya iso mana, daga Anatoliya da gaba da ita. Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Ke ba ki tsaya jayayya ba. Kin buɗe ƙofarki ga matan da yaƙi ya kashe musu maza, kika koya musu saƙa, kika raba musu ulun da Eulalia take aiko miki. Da yawansu da wannan sana'a suka reni 'ya'yansu. Kuma ba mai fita daga gidanki sai da gurasar pita a hannu, ko da gardama ya zo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru kwana uku da rasuwarki. Malam Ekrem ya zo gaisuwa. Mutuwa ta gyara miki suna a wurinsa: yanzu ke ce abin alfaharin gari, za a shirya baje kolin tunawa da ke. Sai ya nuna babbar dardumarki ta ƙarshe da ke bangon falo, ya ce wa 'yarki Almasa a farke ɗinkin tsakiya, a rataye rabin namu a zauren ƙungiya, ɗaya rabin a adana shi cikin mutunci.

Almasa ta ce, "Kawu Ekrem, ga almakashi. Nemo ɗinkin."

Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, ya juya bayanta. Ya ce, "Yarinya, ina ɗinkin yake?"

Ta ce, "Babu. Mama ta ce ta san ku."

A wannan karon ba ku yi rabi da rabi ba. Eulalia ce ta kaɗa zaren tsaye gaba ɗaya, ta saƙa nata ɓangaren a kai, ta naɗe sauran ta aiko. Ke kuma kika ɗora a masaƙarki, kika ci gaba a kan zarenta, wata goma sha huɗu, da idanun da likita ya ce a hutar. Duk zanen kakanninmu da Malam Ekrem yake so, a kan zaren mutuniyar Peru yake tsaye. Wanda ya yanka zai tashi da tsummoki biyu.

Ya ce sai kwamiti ya zauna. To, ya zauna lafiya. Ga matsayin iyali, kuma da izinin Almasa nake faɗa: ko a rataye ta cikakkiya, da sunaye biyu a ƙarƙashinta da haruffa masu girma ɗaya, ko kada a rataye komai na Goggo. Idan zauren ya yi mata kaɗan, ranar addu'ar arba'in matan da ta koyar za su ɗauko ta su shimfiɗa a kan gadar gari, inda kowane ɗan kwamiti yake bi zuwa ofis. Ni zan riƙe kusurwa ɗaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Almasa da mijinta da 'ya'yansu, da ɗalibanta mata, da Eulalia, wadda aka gaya mini ta kwance zaren daga ƙugunta ranar da ta ji labari, ba ta sake ɗaurawa ba. Allah ya jiƙan Goggo Subhija, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Mu da ta bari, Allah ya ba mu haƙuri, ya kuma ba mu ƙarfin tsayawa a kan amanarta. Amin.