Shuni Ya Ja wa Kakata Taɓarya

Muna shiga gidan suna a Kafin Maiyaki, uwargidan ta miƙa wa kakata taɓarya.

Maƙwabtanmu ne suka ja mata. Sun dame ta wai shiga taro da furfura abin kunya ne, sai da ta kwana da shuni a ka, ta rina haƙora da fure, ta rambaɗa kwalli. Masu sunan kuwa dangin nesa ne, ba su san ta ba. Da suka tambaye ni tun a zaure, na ce yayar innata ce, kuma gwanar daka.

Tsofaffi na tabarma a inuwa, ana kai musu nama. Kaka na rana tana kirɓa gero, shuɗin gumi na gangarowa har haɓa.

Na matsa na ce, "Sannu 'yammata, a ƙaro geron?"

Ta ce, "Ja'ira, kawo min ruwa da sabulun salo. Da wahala na tara furfurar nan, tabarma zan koma."

Ta wanke kanta a gaban kowa. Furfura na leƙowa aka matsa mata wuri.

To matan unguwarmu, gobe kuma wa za ku shafa wa shunin?