Baba Jiniya a Garin Kan Dutse

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar asibiti, shi ya sa har bayan ya yi ritaya ake ce masa Baba Jiniya. Gajere ne mai kaurin wuya, ba shi da yawan magana. Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, 'ya'yansa uku kuma aure da aiki sun watsa su. Ɗakinsa daga gado sai rediyo sai kujerar roba guda.

Akwai wani tsohon gari a kan dutse, tafiyar awa uku daga birni, inda ya sha zuwa ɗauko marasa lafiya. Ya je ya fi sau ɗari, amma ƙofar ƙaramin asibitin garin kawai ya sani. Ran nan ya kira babbar 'yarsa a waya.

"Ranar Asabar zan hau garin dutsen nan. Ko za ki raka ni?"

"Baba, wane ne ba lafiya?"

"Kowa lafiya lau. Gani kawai za ni."

Ta yi dariya, ta ce yara na jarrabawa, a bari sai hutu. Ƙanensa kuma ya ce gwiwa ta hana shi zaman mota. Bai ƙara tambayar kowa ba.

Da hantsi ya duba mai da ruwa a tsohuwar motarsa, ya ajiye flas ɗin shayi a kujerar gefe, ya kama hanya. Tafiyar awa uku sai da ta ci masa bakwai. Manyan motoci na danna masa hon, shi kuwa yana miƙa hannu ta taga su wuce. Ya tsaya a gadar da ya saba tsallakewa a guje, ya leƙa, ashe kogi ne mai faɗi, ga mata can suna wanki. Da ya fara hawan dutse ya iso wata muguwar kwana, sai ya ji bakinsa ya ce, "Sista, riƙe shi da kyau!" kamar yadda yakan gaya wa nas ɗin da ke baya. Ya dubi madubi. Babu kowa sai kujera.

Ana yayyafi ya shiga garin. Lungunan ƙanana ne, an shimfiɗe su da duwatsu da suka sha ƙafa har suka yi santsi. Tsohuwar ganuwa ta yi kore da gansakuka, ganyen ayaba na leƙowa ta kan katangu. Asibitin da ya sani kuwa an garƙame shi da kwaɗo, an gina sabo a gangare.

Yana tsaye a wurin sai wata tsohuwa mai sayar da ayaba a ƙarƙashin rumfa ta ƙura masa ido.

"Malam, ba kai ne direban motar asibiti ba?"

"Ni ne, Hajiya. Da can dai."

"Kai ka ɗauki maigidana, shekarar da ruwa ya cinye hanya."

Ya yi ta lalube a ransa, bai tuna ba. "Ya samu sauƙi?"

"Kafin mu kai gada ya cika. Ina bayan motar. Ka tsaya, ka buɗe ƙofa, ka cire hularka."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Ka dai yi gudu, wannan na shaida." Ta jawo masa benci. Suka zauna har ruwa ya ɗauke. Da zai tashi ta ɓare masa ayaba biyu, ta nuna masa hanyar tsohuwar hasumiya.

Matakala tamanin ce, ya huta sau huɗu kafin ya kai sama. Daga can ya hango rufin gidaje jajaye da tsatsa, da gajimare yana ratsa kwari a ƙasa da shi. Ya ciro waya don ya ba wani labari, ya bi sunayen har ƙarshe, ya mayar da ita aljihu.

Kwana biyu ya yi a wani masauki mai ƙamshin jiƙaƙƙen katako. Ranar Litinin da la'asar ya dawo unguwa, ya tarar da maƙwabcinsa tela a kan keken ɗinki, zare a baki.

"Maƙwabci, na dawo."

Tela ya ɗago kai. "Au, Baba, tafiya ka yi?"

"Nan kusa ne," in ji shi, ya shiga neman makulli.