Maƙerin da Ya Ƙi Narkar da Tsabar Sifaniyawa

A wani shago a unguwar Al Ras ta birnin Dubai, Nasrullahi yana kallon tsohon maƙerin zinariya, mai tabon ƙuna a yatsu, yana jujjuya tsabar da ya miƙa masa. Kuɗin Sifaniyawan dā ne, daga jirgin ruwan da ya nutse aka tsamo ta. Nasrullahi ɗan kasuwa ne, nauyi kawai yake dubawa. So yake a narkar da ita a yi wa 'yarsa 'yan kunne.

Tsohon ya kashe wutarsa.

"Alhaji, teku ta riƙe ta shekaru aru-aru ba ta ɓata ta ba. Ni zan ɓata? Khalas, magana ta ƙare."

Wataƙila tsohon ya taɓa narkar da abin da har yau yake nadamar narkarwa. Nasrullahi ya karɓi tsabarsa da hannu biyu, yana gode wa mutumin da ya haƙura da ladan aiki don ya hana shi ɓarna.