Rabin Buhun Waken Inna

Muna cikin karyawa wayar Inna ta yi ƙara. Inna mahaifiyata ce, ta zo daga 'Yandoto ta sauka gidana a unguwar Damba da ke Gusau don a duba mata ido, kuma tun da ta zo take mitar cewa kunun Gusau ruwa ne zalla. Ta kara wayar a kunne, sai na ga ta ajiye ludayi. Duk wanda ya san Inna ya san ba ta ajiye ludayi a tsakiyar kunu haka kawai.

"Kai, tashi mu tahi Tsahe," ta ce mini. "Alhajin sito ya karye. An ce ya saida hatsin mutane, mota ta kwashe."

Na ce, "Inna, wa ya ce?"

Ta ce, "An ce, na ce maka! Sai ka ga mai hwaɗin za ka tashi?"

Tun da zaman ƙauye ya zama abin da ya zama, mutanenmu suka daina amincewa da rumbu. Da an gama sussuka sai a ɗure hatsi a buhu, a kai Tsafe wurin wani Alhaji mai katafaren sito, ya ajiye wa mutum har ranar da ya buƙata. Kowa yana ɗaura wa buhunsa alama a baki. Inna tana da dawarta a can, amma ba dawar ce ta sa ta ajiye ludayi ba. Akwai rabin buhun irin wake, mai ƙananan ƙwaya, ja-ja, mai saurin nuna, wanda ta gada daga mahaifiyarta. Ba a samunsa a kasuwa. Maƙwabtan da ta taɓa sammawa duk sun cinye nasu a shekarun da noma ya gagara, saura nata kaɗai. Ga shi bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas. In wannan buhun ya tafi, irin ya tafi ke nan har abada.

Motata tsohuwa ce, sai an lallashe ta take tashi, amma ran nan murɗawa ɗaya ta amsa. Muka ɗau hanya. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, tsoro da zumuɗi sun haɗu mini wuri ɗaya. Wayar Inna ba ta huta ba, kuma duk kiran da ya shigo sai labarin ya ƙara ƙiba. Muna fita Gusau mota ɗaya ce ta kwashi hatsi. Kafin mu yi nisa ta zama tirela. Can gaba aka ce Alhaji ya wuce Kano. Muna hango Tsafe aka tabbatar mana ya tsallaka Nijar da iyalinsa duka, har da akuyoyi.

Ban taɓa ganin taro irin na ƙofar siton nan ba. Amalanke, baro, babura, jakuna, kowa ya zo da abin da zai kwashi nasa. Tsofaffi na dogara sanda suna kutsawa, mata sun yi ɗamara da mayafi, masu sayar da ruwan leda suna cin kasuwarsu. Kuma ga Alhajin da aka ce yana Nijar, tsaye a kan benci, hula a karkace, zufa ta jiƙa masa riga, yana rantsuwa cewa motar da aka gani masararsa ce ta kansa ya tura kasuwa. Wani dattijo kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Ka gani ko? Da bai yi niyyar gudu ba, mi ya kai shi rantsuwa?" Haushi ya kama ni har na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na tuna ni ma ba gaisuwa ce ta kawo ni ba.

Da Alhaji ya ga magana ba ta shiga, sai ya ce a wangale ƙofofin duka. Aka wangale. Buhuna ne jibge har rufi! Na ɗauka ganin haka zai sa kowa ya koma gida da kunya. Ina! Sai ma aka ƙara dannawa, domin kowa na ganin in bai karɓa yau ba, na gabansa zai tafi da rabonsa. Alhaji ya ce wa 'yan dako su sallami mutane da sauri kafin a tattake wani: mai dawa a ba shi dawa, mai gero gero, mai wake wake. Babu wanda ya tsaya duba alama. Buhuna suna ta shawagi a kan kawuna, ana ihu, ana kabbara, ni ma ban san lokacin da na cire hula na shiga turereniya ba.

Na fito da dawar Inna cif, sannan na jawo mata rabin buhun wake ina haki, ina jiran a yaba mini. Ta kwance bakin, ta zura hannu, ta ɗebo. Fari ne manya-manya, na kasuwa.

"Wanga ba nawa ba na," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Nawa da koren ƙyalle a baki."

Na koma ciki na birkice sauran buhunan wake, babu koren ƙyalle. Alhaji da kansa ya sauko daga benci yana ba ta haƙuri, ya ce ta ɗauki buhu guda cikakke a madadin rabin. Ko kallonsa ba ta yi ba. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Sai wata maƙwabciyarta daga 'Yandoto ta matso ta ce ta ga buhu mai koren ƙyalle ana ɗaure shi a saman wata motar haya. Ta ce wadda ta tafi da shi wata mata ce 'yar 'Yankuzo da ke aure a Bungudu, wadda take ajiye amfanin gonar gadonta a nan. Ta ƙara da cewa, "Kun san ta ai, mai ƙosai."

Mai ƙosai! Duk duniya a rasa hannun da irin Inna zai faɗa sai na mai ƙosai, wadda da la'asar ta yi za ta jiƙa waken gobe. Muka bar dawar a hannun maƙwabciyar, muka faɗa mota. Daga Tsafe zuwa Bungudu sai an ratsa Gusau, kuma ban taɓa sanin garin nan yana da yawan babura haka ba sai ran nan. Ina danna oda, ina leƙo kai ta taga ina faɗa da mutanen da ba su yi mini komai ba. Inna da kullum take cewa in rage gudu, ran nan cewa take, "Mota ta ko jaki? Taka ta mana!" Na yi dariya har na kusa hawa kan wani mai rake.

A Bungudu ba mu sha wahalar tambaya ba, kowa ya san gidan mai ƙosai 'yar 'Yankuzo. Muna tsayawa a ƙofar zaure na jiyo ƙarar turmi daga ciki, ana surfe. Inna ta shige ko sallamar kirki ba ta yi ba, ni na tsaya a zaure ina safa da marwa, ina jin kowane bugun taɓarya a ƙirjina. Can sai turmin ya yi shiru.

Jim kaɗan sai ga su sun fito, matar tana jan buhu a ƙasa. Doguwa ce, hannuwanta jiƙe da ruwan surfe. Ta gaishe ni, ta ce, "Malam, kwantar da hankalinka, tsohon wakena nika surhe. Wanga ina buɗe shi nig ga toka." Haka ake ajiyar iri a wurinmu, a cuɗe shi da tokar murhu don kada ƙwari su huda shi. Ta ce, "Duk macen da ta zauna ta tankaɗe toka ta cuɗa haka, ba don tukunya ta yi ba. Sai nim maida ƙyallen yadda nis same shi, nic ce mai shi tana tahe."

Inna ta durƙusa, ta kwance bakin, ta nutsa hannu har gwiwar hannu. Ta ɗebo, ta hure tokar, ta kai dab da idonta mai ciwo. Ja-ja, ƙanana. Ta daɗe tana kallo, sannan ta share fuska da bayan hannu, toka ta yi mata zane a kunci. Ni kam daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina, sai godiya nake ta jerawa.

Na sunkuya zan ɗauki buhun, Inna ta dafe shi. Ta ce wa matar ta kawo kwano. Ta cika shi fal har yana zuba, ta miƙa mata. Matar ta ja da baya tana cewa ita ba don a ba ta wani abu ta yi ba.

Inna ta ce, "Ba kyauta ba ta, ɗiyata, ajiya ta. Ki shuka shi bana a gonarku. Yau na ga abin da ka hwaruwa in iri ya rage hannun mutum guda, ni kuwa na tsuhwa. Ran da nawa ya ɓace, ko ran da ba ni, a zo nan a iske shi."

Matar ta goge hannuwanta a zani, ta karɓa da hannu biyu.